Ganuwar Ston da Mutanen da Suka Sāke Ta da Ita

A kudancin ƙasar Kuroshiya, a bakin tekun Adiriyatik wanda yake reshe ne na Bahar Rum, akwai wani ɗan gari da a ke kira Ston. Yana arewa maso yamma da birnin Dubrovnik, tsakaninsu tafiyar kamar mil 35. Mutanen cikinsa 'yan ɗaruruwa ne kawai, amma ganuwar dutse da ta kewaye shi ta haye kan tudu tana cikin ganuwoyi mafiya tsawo da suka rage a ƙasar Turai. Hukuma ce ta gina ganuwar nan, hukuma ce kuma daga baya ta ba da iznin rushe wani sashi nata. Waɗanda suka tsaya har ta sāke miƙewa kuwa jama'ar ƙasar ne, da suka haɗa kai suka kafa ƙungiya tasu.

Dalilin gina ta shi ne gishiri. Tun zamanin Rumawa a ke yin gishiri a Ston. Mutanen wurin su kan shigar da ruwan teku cikin faffaɗan kududdufai marasa zurfi, su bar shi rana da iska su shanye shi, sa'an nan da rani ya yi ƙarfi su kwashe gishirin da ya kwanta a ƙasa. A zamanin dā ba a iya ajiye nama ko kifi ko cuku sai da gishiri, dabbobi kuma ba su yin ƙiba sai da shi. Saboda haka fatake su kan zo da ayarin dawaki daga duwatsun Bosniya da Sabiya su saya su koma. Duk wanda ya mallaki fagen gishirin Ston ya mallaki dukiya mai yawa.

A lokacin nan Dubrovnik ƙasa ce ƙarama ta attajirai da matuƙa jiragen ruwa. Majalisar manyan gari ke mulkinta, daga baya ma shugabanta wata ɗaya tak ya kan yi a kan kujera a canja shi, don kada mutum guda ya fi ƙarfin sauran. A shekarar 1333 mutanen Dubrovnik suka sayi Ston daga hannun Sarkin Sabiya Stefan Dušan, tare da dogon yankin ƙasar da ke bayansa wanda ya miƙe cikin teku kamar hannu, sunansa Pelješac. Suka biya kuɗi masu yawa nan take, suka kuma yi alkawarin biyan wani abu kowace shekara, gare shi da kuma mai mulkin Bosniya wanda shi ma yake da'awar wurin nasa ne.

Yankin nan na Pelješac teku ta kewaye shi ta ko'ina, in banda wani ɗan siririn wuya da ya haɗa shi da tudu, faɗinsa kamar mil 1. Majalisar Dubrovnik ta ga cewa wanda ya toshe wuyan nan ya tsare gishiri da ƙasar duka. Sai ta sa aka zana garuruwa biyu, Ston a bakin ruwa na kudu kusa da fagen gishiri, da Mali Ston, watau Ƙaramin Ston, a bakin ruwa na arewa. Aka auna tituna miƙaƙƙu, aka yanka filayen gidaje tun ba a aza dutse ko ɗaya ba. Kana aka kewaye kowane gari da ganuwa, aka ja wata daga wannan gari zuwa wancan ta kan tudun da ke tsakaninsu.

Aikin ya ci shekaru fiye da 100. Magina na ƙasar suka yi shi, aka kuma ɗauko gwanaye daga Italiya, cikinsu har da Michelozzo mutumin Florence. Da aka gama, tsawon ganuwar ya wuce mil 4, tana da hasumiya wajen 40 da manyan gidajen tsaro, irin su Veliki Kaštio a Ston, da Koruna a Mali Ston, da Podzvizd a bisa ƙololuwar tudu. Abin lura kuma shi ne, mutanen Dubrovnik ba su yin kome sai da rubutu. Shawarar majalisa, da jingar da aka yi da magina, da kuɗin da aka fitar daga baitulmali, duka magatakarda ya kan rubuta a littafi a ajiye. Littattafan nan suna nan har yau a gidan ajiyar takardu na Dubrovnik.

Ƙasar ta zauna da 'yancinta shekaru ɗaruruwa, tana biyan Sarkin Turkawa na Daular Usmaniyya kuɗin gaisuwa kowace shekara don a bar ta ta yi cinikinta lafiya. A shekarar 1806 sojan Faransa suka shiga Dubrovnik, a 1808 kuma suka soke mulkinta. Bayan faɗuwar Napoleon ƙasar ta koma hannun Ostiriya a 1815. Daga nan ganuwar Ston ta zama marainiya. Ba wani maƙiyi da a ke tsoro ta wajen, ba kuwa wanda ya ɗauki nauyin gyaranta. Sababbin masu mulki suka ba da izni aka riƙa ɗiban duwatsunta ana gina makaranta da gidajen hukuma. Aka rushe wani sashi aka ce wai yana tare iska yana jawo wa mutane zazzaɓi, gama a lokacin ba a san sauro ke kawo cutar ba. Ciyawa da itatuwa suka tsiro a jikin abin da ya saura, saiwoyinsu na tsaga ginin. Abin da ya rage yanzu kamar mil 3 da rabi ne, da hasumiya wajen 20.

Ba a daina ɓarnar nan ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da Kuroshiya take cikin tarayyar Yugoslabiya. A shekarar 1952 waɗansu mutanen Dubrovnik suka taru suka kafa wata ƙungiya, ma'anar sunanta ita ce Ƙungiyar Masoya Kayan Tarihin Dubrovnik. Ba ma'aikatar gwamnati ba ce. 'Yan ƙasa ne da suka ga gine-ginen kakanninsu suna zubewa suka ce ba za su zuba ido ba. Babban ja-gabansu shi ne Lukša Beritić, wanda aka haifa a 1889 ya rasu a 1969. Asalin sana'arsa aikin injin jiragen ruwa ne, amma ya ba da shekarunsa na girma ga karatun tsofaffin littattafan majalisa. Ya bi su shafi shafi, yana fitar da shekarar da aka gina kowace hasumiya da sunan maginin da ya yi ta, sa'an nan ya je ya duba ginin da idonsa ya gwada da abin da aka rubuta. Ya wallafa bincikensa a kan ganuwar Dubrovnik da ta Ston. Da ba don rubutun magatakardan dā da haƙurin mai karatu irin wannan ba, da masu gyara sun yi ta lalube cikin duhu, su gina abin da ba shi ne a wurin ba.

Sani kaɗai ba ya ɗaga dutse, sai da kuɗi. A shekarar 1969 hukumar Dubrovnik ta danƙa wa ƙungiyar kula da ganuwar birnin. Ƙungiyar ta riƙa sayar wa baƙi tikitin hawa kan ganuwa, abin da aka samu kuma a mayar da shi ga aikin gyara. Dubrovnik birni ne da masu yawon buɗe ido ke zuwa dubbai, Ston kuwa ƙaramin gari ne da ba shi da ƙarfin ɗaukar aiki irin wannan. Sai ƙungiyar ta ɗauka cewa duk abin da tsohuwar ƙasar Dubrovnik ta gina amana ce a wuyanta, ko a birni yake ko a ƙauye. Ta haka kuɗin da aka tara a ƙofar babban birni ya riƙa biyan masu sassaƙar dutse a kan tudun Ston. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Aikin bai tafi sumul ba. A shekarar 1991 Kuroshiya ta ɓalle daga Yugoslabiya, yaƙi ya tashi. Aka kewaye Dubrovnik da yaƙi, fagen daga ya iso kusa da Ston, harsasan igwa suka faɗa cikin garin. Baƙi suka daina zuwa, kuɗin tikiti ya yanke. Yaƙi bai daɗe da ƙarewa ba, ran 5 ga watan Satumba 1996, sai girgizar ƙasa mai ƙarfi ta auka wa Ston. Allah ya kiyaye ba a yi asarar rai ba, amma gidaje da yawa sun tsage har ba su zaunuwa, mutane suka daɗe suna fakewa a wasu wurare. Da hankali ya kwanta aka koma kan aiki. Magina suka sare itatuwan da suka tsiro a jikin ganuwa, suka mayar da duwatsun da suka zube, suka gyara matakalai. A shekarar 2009 aka buɗe hanyar kan ganuwa ga jama'a, yau mutum yana iya takawa daga Ston ya haye tudu ya gangara Mali Ston.

Ba a rasa gardama ba, gama inda kuɗi ya taru ba a rasa ta. An sha ja-in-ja tsakanin hukumar birnin Dubrovnik da ƙungiyar a kan wanda ya kamata ya riƙe kuɗin tikiti, yanzu kuwa raba shi a ke yi tsakaninsu. Duk da haka aikin bai tsaya ba. Ƙungiyar ta gyara Veliki Kaštio, ta kuma gyara wani tsohon gidan tsaro mai suna Sokol a kudu da Dubrovnik. Tun shekarar 2005 Kuroshiya ta sa Ston cikin jerin wuraren da take fatan hukumar UNESCO ta karɓa a matsayin kayan gādon duniya.

Mutanen Ston su ma suna riƙe da nasu rabon. Har yau ana kwasar gishiri da hannu a kududdufan nan da aka gina ganuwar dominsu, a Mali Ston kuma ana kiwon kawa cikin ruwan teku kamar yadda kakanni suka yi. Baƙon da ya sauko daga kan ganuwa ya kan sayi gishiri, ya ci abinci a garin, ya kwana a masaukin 'yan gari. Ganuwar da aka gina don ta hana baƙo shiga, yanzu ita ke kawo shi, samarin garin kuma suna samun abin yi a gida.