Maimaitattun hotuna a manhajojin kundin hoto

Maimaitattun hotuna su ne kwafi biyu ko fiye na hoto guda da ke zaune a ma'ajiyar kwamfuta ko waya, ko kuma suke bayyana fiye da sau ɗaya a cikin manhajar da ke tsara hotuna. Matsalar takan zo tare da ta foldoji marasa amfani, wato foldojin da babu komai a cikinsu ko waɗanda abin da ke cikinsu yana nan a wani wuri. Tana cinye wurin ajiya, tana rage saurin bincike, kuma takan raba aikin mai hoto gida biyu: gyaran launi yana kan wannan kwafi, sunayen mutane da alamomi suna kan wancan. Babban haɗarinta yana wajen gogewa, domin a nan ne ake rasa hoton asali.

Yadda kundi yake aiki

Manhajoji irin su Adobe Lightroom Classic da digiKam ba sa haɗiye hotuna cikin kansu. Abin da suke riƙewa shi ne rumbun bayanai mai ɗauke da adireshin kowane fayil, da ƙaramin samfurinsa, da duk gyaran da aka yi masa. A Lightroom, wanda ya fara fitowa a watan Fabrairun 2007 kuma aka ƙara wa sunansa Classic a 2017, kundin fayil ne na SQLite da sunansa ke ƙarewa da .lrcat. Kundin ya yi kama da rajistar ɗakin karatu, hotunan kuwa su ne littattafan da ke kan kanta. Idan aka ɗauke littafi ba a gyara rajista ba, rajistar za ta ci gaba da nuna tsohon wurin. Mafi yawan rikicin maimaici daga wannan rabuwa yake tasowa.

Dalilan maimaituwa

Dalili mafi yawa shi ne shigo da hotunan katin memori ɗaya sau biyu, ko kwafe tsohon faifan ajiya zuwa sabo sannan a shigar da duka biyun. Akwai kuma ƙaura daga wata manhaja zuwa wata, kamar lokacin da Apple ya maye gurbin iPhoto da Aperture da manhajar Photos a 2015, da lokacin da Google ya daina tallafa wa Picasa a 2016.

Sunayen fayiloli ma suna ƙara rikitarwa. Yawancin kyamarori suna bin ƙa'idar DCF, wadda ta tanadi folda mai suna DCIM da lambobin hoto daga 0001 zuwa 9999. Idan lambar ta cika, ko aka mayar da ƙidayar farko, kyamara takan sake ba da suna irin IMG_0001 ga hoton da ba shi da alaƙa da na baya. Saboda haka suna ɗaya ba hujja ba ce cewa hoto ɗaya ne, kuma suna daban ba ya nufin hoto daban. Hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto misali ne: manhajar tana matse shi, ta cire bayanan EXIF da ke ɗauke da ranar ɗauka da samfurin kyamara, ta kuma sa masa sabon suna. Ido zai ga hoto ɗaya, kwamfuta kuwa za ta ga fayiloli biyu da ba su da dangantaka.

Wasu abubuwan suna kama da maimaici amma ba shi ba ne. Kyamara na iya ajiye hoto guda a tsarin RAW da JPEG a lokaci ɗaya. Na RAW shi ne mai cikakken bayani, ko da yake kafin a gyara shi yakan fi dusashewa a ido. Kwafin cikin kundi da Lightroom ke yi don gwada gyara daban-daban ba sabon fayil ba ne, ƴan layukan bayanai ne kawai. Haka kuma hoto ɗaya na iya bayyana a albam goma ba tare da ya ƙara cin wuri ba.

Hanyoyin ganowa

Hanya mafi sauƙi ita ce kwatanta bayanan fayil. Lightroom Classic yana da zaɓin ƙin shigo da hotunan da yake zargin maimaici ne, kuma yana duba abubuwa irin su girman fayil da lokacin ɗauka. Wannan na aiki ne a lokacin shigarwa. Don tsabtace abin da ya riga ya shiga, masu amfani sun daɗe suna dogara da ƙarin manhajoji na waje irin su Teekesselchen.

Hanya ta biyu ita ce lissafa tambarin fayil da dabaru irin su MD5 ko SHA-256, waɗanda ke mayar da dukan abin da ke cikin fayil zuwa gajeriyar lamba. Idan tambari biyu sun zo ɗaya, kusan tabbas fayilolin ɗaya ne, ko da sunayensu sun bambanta. Rauninta shi ne tsananinta: ƙara kalma ɗaya a bayanan da ke cikin JPEG ya isa ya sauya tambarin gaba ɗaya.

Hanya ta uku tana duba kamannin hoton ne. A siga mafi sauƙi, ana ƙanƙantar da hoton zuwa ɗigo takwas a tsaye da takwas a kwance, a cire launinsa, a auna matsakaicin haskensa, sannan a ba kowane ɗigo 1 ko 0 gwargwadon ko ya fi matsakaicin haske ko bai kai ba. Sakamakon lamba ce mai gurbi 64, kuma yawan guraben da lambobi biyu suka saɓa shi ke nuna nisan hotunan. Manhajar digiKam, wadda kyauta ce daga aikin KDE, tana amfani da lissafin Haar wajen yi wa kowane hoto irin wannan shaida, kuma mai amfani ne ke zaɓar kashi nawa cikin ɗari na kamanni yake so. Wannan hanya ce ke kama kwafin da aka matse ko aka rage girmansa. Sai dai takan haɗa hotunan da aka ɗauka a jere cikin daƙiƙa ɗaya, alhali a ɗayansu ne kawai idon amarya yake buɗe. Ba a barin irin wannan hukunci a hannun manhaja ita kaɗai.

Apple ya ƙara albam na maimaitattun hotuna a Photos a 2022, cikin iOS 16 da macOS Ventura. Idan aka zaɓi haɗe su, manhajar tana riƙe kwafi mafi inganci, ta tattara bayanan sauran a kansa, ta tura ragowar wurin abubuwan da aka goge kwanan nan, inda suke yin kwana 30.

Foldoji

Idan aka sauya sunan folda ko aka matsar da ita a wajen Lightroom, manhajar takan sa mata alamar tambaya, hotunan cikinta kuma su sami alamar motsin rai. Haka yake faruwa a Windows idan harafin faifan waje ya sauya, misali daga E zuwa F. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne sake shigo da hotunan daga sabon wurin. Kundin zai ɗauke su a matsayin sababbi marasa gyara, tsofaffin masu gyara kuma su zauna a matsayin ɓatattu, idan aka cire su aikin shekaru ya tafi. Abin da ya dace shi ne a nuna wa manhajar sabon adireshin foldar, sai komai ya koma wurinsa. Don haka ake shawartar a riƙa matsar da foldoji daga cikin manhajar, kuma a sa duka ƙarƙashin uwar folda guda, yadda gyaran adireshi ɗaya zai wadatar.

Foldar da kundi ya nuna babu hoto a cikinta ba lallai ba ne ta zama fanko. Tana iya ƙunsar hotunan da ba a shigo da su ba, ko takardu, ko ƙananan fayilolin XMP da ke riƙe gyaran hotunan RAW.

Gogewa

Cire hoto daga kundi daban yake da goge shi daga faifai. Na farko yana share rajista ne kawai. Idan aka sake daidaita foldar, hoton zai dawo. A ma'ajiyar intanet abin ya fi tsauri, domin goge hoto a wayar da ke haɗe da iCloud yana goge shi a sauran na'urorin da ke kan asusun. Kwafin ajiya na ko-ta-kwana kuma ba ya cikin maimaicin da ake sharewa. Ƙa'idar 3-2-1, wadda ake dangantawa da mai ɗaukar hoto Peter Krogh, ta tanadi kwafi uku a nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Manhajar neman maimaici da aka sake ta a kan dukan faifai ba ta san wannan bambanci ba, shi ya sa ake cire faifan ko-ta-kwana daga kwamfuta kafin a fara, a kuma tara kwafin da ake zargi a folda ɗaya na ɗan lokaci kafin a goge su.