Daga Kofaton Jaki Zuwa Tyub: Tarihin Abin Da Ke Ɗauke Da Kayanmu

A wannan fitowa ta bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, za mu duba tarihin wani ƙaramin abu da kowa ke rainawa, alhali shi ke ɗauke da kayanmu daga Zangon Kwatano har bakin iyaka. Wannan abu shi ne tyub na cikin taya, wanda masu jin Faransanci a nan suke ce wa shambar.

Kafin zuwan taya

Kakanninmu fatake da jakuna suka san wannan ƙasa. Ayarin goro yakan taso daga Kano ko Sakkwato ya bi ta Nikki da Zugu ya nufi Salaga a ƙasar Gwanja, tafiyar watanni. Madugu ba ya tashi sai ya duba ƙafar kowace dabba, domin jakin da ya gurgunce a daji asarar kayansa ke nan. Da Turawan Faransa suka kai layin dogo Paraku a shekarun 1930, sai manyan motoci suka riƙa kwasar kaya daga can zuwa Malanbil da Gaya. A 1965 aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Tun daga nan aikin da kofato ke yi ya koma kan taya.

Inda tyub ya samo asali

A 1888 wani likitan dabbobi mai suna John Boyd Dunlop ya yi wa keken ɗansa taya mai iska a birnin Belfast. A 1891 'yan uwan nan biyu na gidan Michelin a Faransa suka fito da tayar da ake iya cirewa a yi wa tyub faci a mayar. A nan sana'ar masu faci ta samo tushe.

Tyub na farko duk da ƙaron itacen roba ake yin sa. A 1937 masana a Amurka suka haɗa wata roba daga man fetur, suka sa mata suna butil. Da Japan ta kame Malaya a 1942 robar itace ta yi wuya, dole aka koma ga butil, sai aka ga ta ma fi riƙe iska nesa ba kusa ba. Bayan yaƙi, a 1947, kamfanin BF Goodrich ya sanar da taya marar tyub, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1950 sababbin motocin Amurka sun koma kanta.

Dalilin da ya sa bai mutu a wurinmu ba

A Turai tyub ya ja baya, amma a hanyoyinmu yana nan daram. Taya marar tyub tana buƙatar rim lafiyayye wanda bai lanƙwashe ba, da injin iska mai ƙarfi da zai zaunar da bakinta. Wanda ya san hanyar Ketu zuwa Ilara ko ta Segbana zuwa Tsamiya da damina ya san rim ba ya daɗewa a miƙe. Tyub kuwa, da gam da ɗan faci da famfon hannu an tashi, ko a gindin bishiya ne.

Sai kuma ga babur. Haya da babur da ake kira zemijan ta faro daga Porto-Novo, ta cika Kwatano da masu rawayar riga, kuma yawancin baburan nan masu rim na waya ne, wanda ba ya riƙe iska sai da tyub. Daga baya kekuna masu ƙafa uku na dakon kaya suka shigo. Duk lokacin da aka rufe iyaka, kamar daga 1984 zuwa 1986, da kuma daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, manyan motoci sukan tsaya cik a Seme, wahala ta koma kan ƙananan tayoyi. Haka aka sake gani a Malanbil bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, inda babur da keke ke kai kaya bakin kogi a loda wa kwalekwale.

Yadda amana ta dawo wuyanmu

Abubuwa biyu suka sauya kasuwar. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan Turai suka ninka kuɗi, mutane suka juya ga na Asiya. Sa'an nan Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina yin taya a Ikeja a 2008. Da, mai saye sunan kamfani yake kallo. Yau tyub a kwantena yake zuwa daga Sin da Indiya da Tailan, sunaye barkatai, mai kyau da marar kyau duk cikin kwali mai sheƙi. Direban da ya zo daga Gaya ba shi da abin dogara sai kalmar mai shago. Idan mai shagon Zango ya ba shi ruɓaɓɓe, sunan Zango duka ya ɓaci.

Abin da za a duba wajen zaɓe

Na farko, lamba. A karanta abin da ke rubuce a gefen taya. Babur yakan zo da irin 2.75-17 ko 3.00-18, keken fasinja 4.00-8. Lambar ƙarshe ita ce faɗin rim da inci, kuma ba a sassauci a kanta. Tyub da ya yi girma yakan naɗe a ciki ya ci kansa a wurin naɗin. Wanda ya yi ƙanƙanta yakan miƙe ya yi siriri ya fashe da zafin kwalta.

Na biyu, irin roba. Butil ya fi riƙe iska, shi ya dace da mai tafiyar kwalta. Na robar itace ya fi taushi da jure yagewa, ya kuma fi karɓar faci, sai dai yana son a riƙa duba iskarsa a kai a kai. Mai bin hanyar ƙaya da duwatsu ya nemi mai kauri.

Na uku, bawul. Akwai na roba, akwai na ƙarfe mai noti, akwai lanƙwasasshe don ƙaramin rim da bakin famfo ba ya shiga. Kowane rim da irin nasa.

Yanzu an fara tambayarmu tyub na babur mai ƙafa huɗu, irin wanda ke shiga yashi da taɓo da gonaki. Honda ta fito da mai ƙafa uku a 1970, Suzuki ta kawo mai huɗu a 1982. Lambarsa daban ce: 25x10-12 na nufin tsayin taya inci 25, faɗinta 10, rim 12. Yawancinsu ba tyub suke zuwa da shi ba, ana sa shi ne in rim ya lanƙwashe ko bakin taya ya daina kamawa. Iskarsu kaɗan ce ƙwarai, ba ta kai rabin ta mota ba, don haka taya kan iya zamewa a kan rim ta tsinke bawul. Shi ya sa aka fi son bawul na ƙarfe irin TR6. Kada yaron shago ya dura masa iska kamar na babur.

Wajen sawa, a shafa hannu cikin taya a fitar da ƙusa ko ƙaya, a goge tsatsar rim, a barbaɗa hoda, a ɗan sa iska kafin a tura shi ciki don kada ƙarfe ya cije shi. A ajiye tyub nesa da rana da fetur da baƙin mai, domin suna cin roba.

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Tyub bai kai kuɗin buhu ɗaya na kayan da ke bisansa ba, amma in ya fashe a gaba da lodi, ba kaya kaɗai ake asara ba, har rai. Muna roƙon masu shaguna su riƙa gaya wa mai saye gaskiyar abin da ke cikin kwali, su bar shi ya zaɓa da saninsa. Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka share mana hanya, Ya kiyaye direbobinmu, Ya sa albarka a kasuwa, Ya nuna mana bikin baɗi lafiya. Amin.