John Cameron: Kocin da ya ciyo wa Tottenham kofi da ƙafarsa

Duk magoyin bayan Tottenham da ya gaji da gorin abokai a gidan kallo, ya kamata ya riƙe sunan John Cameron. A 1901 ya ciyo wa kulob ɗin kofin FA, alhali shi ne koci, shi ne sakatare, kuma yana cikin 'yan wasan gaba.

An haife shi a garin Ayr na ƙasar Sukotland a 1872. Ya fara taka leda a Ayr Parkhouse, ya wuce Queen's Park ta Glasgow, ya kuma buga wa ƙasarsa wasa ɗaya tak a 1896, wanda suka tashi 3-3 da Ailan. Everton ce ta kawo shi Ingila.

A can ne halinsa ya fito fili. A zamanin, kulob na iya riƙe rajistar ɗan wasa ko da kwantiraginsa ya ƙare. Ba a sa shi wasa, ba a biyansa, kuma bai isa ya tafi wani kulob na gasar lig ta Ingila ba sai an sake shi. Ga kuma shirin ƙayyade albashi kada ya wuce fam 4 a mako. Sai 'yan wasa suka kafa ƙungiyar kare haƙƙinsu a 1898, Cameron ya zama sakatarenta na farko. Masu kulob suka ƙi kallon ƙungiyar, ta ruguje a 1901, aka kuma ƙaƙaba dokar fam 4 ɗin. Duk da haka, duk ɗan ƙwallon da ke cinikin albashinsa a yau yana cin moriyar gwagwarmayar da irin su Cameron suka fara.

Shi dai ya tattara komatsansa ya nufi Tottenham a 1898. Lokacin tana buga gasar kudancin Ingila ne, inda waccan dokar riƙe rajista ba ta da iko. A Fabrairun 1899 koci Frank Brettell ya koma Portsmouth, aka damƙa wa Cameron ragama yana ɗan shekara 26. Shekara na zagayowa ya lashe gasar kudu.

Sai kakar 1901. Tottenham ta fitar da Preston, ta fitar da Bury mai riƙe da kofin, ta wuce Reading, sannan ta lallasa West Brom 4-0 a wasan kusa da na ƙarshe, Sandy Brown ne ya zura duka huɗun. Ranar 20 ga Afrilu mutane sama da 110,000 suka yi dafifi a filin Crystal Palace don wasan ƙarshe da Sheffield United. Tottenham na gaba da 2-1 sai mai tsaron gidanta ya yi sakaci da ƙwallo, ta kuɓuce masa, aka fitar da ita waje. Alƙalin wasa, wanda ke can nesa, ya busa cewa ta shiga raga. Hoton fim da aka ɗauka ya nuna ba ta tsallake layi ba, amma aikin gama ya gama, aka tashi 2-2.

Bayan mako ɗaya aka sake karawa a Bolton. Sheffield ta tafi hutun rabin lokaci da ci ɗaya. Da aka dawo, kocin da kansa ya farke. Tom Smith ya ƙara, Brown ya rufe da ta uku, wadda ta zama ƙwallonsa ta 15 a gasar.

Ya ajiye aikin Tottenham a 1907, daga baya ya tafi Jamus yana horar da Dresdner SC. Yana can Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, Jamusawa suka kame 'yan Birtaniya suka tsare su a Ruhleben, wani filin sukuwa kusa da Berlin. Dubban maza suka koma kwana a bargar dawaki, cikin sanyi da ƙarancin abinci. A nan ma Cameron bai naɗe hannu ba. Shi da tsofaffin taurarin Ingila irin su Steve Bloomer da Fred Pentland suka kafa hukumar ƙwallo a cikin sansanin, shi ne sakatare, suka shirya gasar lig da ta kofi tsakanin ɗakunan fursunoni. A ganina wannan aikin bai gaza kofin 1901 daraja ba, domin ya ba mutanen da aka raba da iyalansu abin da za su wayi gari suna jira.

Da ya dawo gida ya riƙe Ayr United na kaka ɗaya, sannan ya koma rubuce-rubucen wasanni a jarida. Ya rasu a 1935.

Tun da aka kafa babbar gasar lig ta Ingila a 1888, babu kulob ɗin da ke wajen gasar da ya taɓa cin kofin FA sai Tottenham ta John Cameron, kuma har yau ba a sake yi ba.