Farin da ke haskawa a idon yaro: me hoton ido yake nunawa

Akwai wani ciwon daji da ke tsirowa a tantanin bayan ido, wurin da haske ke sauka har mutum ya gani. Likitoci suna ce masa retinobilastoma. Ƙananan yara yake kamawa, galibi kafin shekara 5, kusan yaro 1 cikin haihuwa 15,000 zuwa 20,000.

Alamarsa ta farko ba zafi ba ce, kuma nan ne matsalar take. Baƙin idon yaro ne zai riƙa haska fari, kamar idon kyanwa in an dalle ta da tocila da dare. Wani kuma idon ne ke karkacewa. A ƙauyukanmu na Gidan Rumji sai a ce ai yana ce, a sa tozali, a jira. To ba yana ba ce kullum.

A asibiti, likitan ido zai ɗiga magani baƙin idon ya buɗe, ya leƙa can ciki da fitila. Ƙaramin yaro ba ya tsayawa, don haka wani lokaci sai an sa shi barci. Daga nan sai eko, irin na'urar da ake duba masu juna biyu da ita. Ana ɗora ta bisa fatar ido, babu yanka, babu allura. Tana nuna ƙullutun da girmansa, da wasu ɗigo-ɗigo masu tauri a cikinsa waɗanda kusan su ne shaidar wannan ciwo. Hoton IRM kuma shi ke faɗin ko ya bi jijiyar ido ya nufi ƙwaƙwalwa.

A Turai da Amurka sama da yara 9 cikin 10 suna warkewa. Mu nan jinkiri ne ke cin mu: sai ido ya kumbura ya fito waje sannan a nemi mota zuwa Maraɗi ko Yamai, inda cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji take. In an zo da wuri ana iya ceton idon. In ya yi nisa sai an cire shi don a tsira da rai, kuma iyaye da yawa daga nan suke gudu da yaron.

Ku 'yan uwa da ke Abijan, Legas ko Libiya, hotunan yara da ake turo muku ta WhatsApp ku dube su da kyau. In ido ɗaya ya fito fari, ku buga tarho a kai shi likita cikin satin nan. Ciwon yana bin jini a wasu gidaje, don haka a tafi har da ƙannensa.