Lambar da Lucas ya tabbatar da hannu a 1876

A shekarar 1644 wani malamin addinin Kirista ɗan ƙasar Faransa, Marin Mersenne, ya wallafa jerin lambobin da ya ce ba su rabuwa sai da kansu ko da ɗaya. Siffarsu guda ce: a ninka biyu da kanta sau kaza, sannan a cire ɗaya. Biyu sau biyu sau biyu takwas ne, a cire ɗaya saura bakwai, ita kuwa bakwai ba ta rabuwa. Mersenne ya kawo guda goma sha ɗaya, cikinsu har da wadda ake samu idan aka jera biyu sau 127 ana ninkawa, kafin a cire ɗaya. Hujja kam bai kawo ba.

Ga lambar: 170141183460469231731687303715884105727. Alƙalumanta 39. Mai son gwada ta ta hanyar raba ta da ƙananan lambobi ɗaya bayan ɗaya sai ya kai ga masu alƙaluma ashirin kafin ya huta, aikin da rayuwar mutum ba ta isa ko ta taɓa gefensa ba. Shi ya sa maganar ta zauna fiye da shekaru ɗari biyu ba wanda ya iya gaskata ta ko ƙaryata ta.

Édouard Lucas, haifaffen garin Amiens a 1842, malamin lissafi a makarantun Paris, shi ya warware ta a 1876. Hikimarsa ita ce ya bar neman mai raba lambar gaba ɗaya, ya koma bin wani jeri. A siffar da Derrick Lehmer ya gyara a 1930, ana farawa da huɗu, a ninka ta da kanta, a cire biyu, a raba da lambar da ake gwadawa, a riƙe saura, a sake. Mu gwada da 127 kanta: 4, 14, 67, 42, 111, sai 0 a taki na biyar. Sifilin nan shi ne shaidar cewa ba ta rabuwa. Babbar lambar taki 125 take bukata, kowanne da ninkin alƙaluma kusan arba'in, kuma kuskure ɗaya tak ya isa ya ɓata duka. A ganina wannan haƙurin ya cancanci yabo daidai da dabarar.

Abin da ya ƙara mata daraja shi ne asalinta. Daga 2 ake samun 3, daga 3 a samu 7, daga 7 a samu 127, daga 127 a samu ita, kowacce ta haifi ta gaba da ita bisa ƙa'idar Mersenne, kuma duk ba su rabuwa. Eugène Catalan ne ya lura da wannan silsila. Ta shida a jerin har yau ta gagari kowace kwamfuta.

Jerin Mersenne kansa bai tsira ba: ya yi kuskure a kan 67 da 257, ya kuma tsallake 61 da 89 da 107. A kan 127 dai ya dace.

Shekaru 75 lambar Lucas ta yi tana matsayin mafi girma da aka sani, sai a 1951 aka wuce ta da taimakon na'urar lissafi. Shi Lucas bai ga ranar ba. A 1891, wurin wata liyafa, ɓarin faranti ya yanke shi a kumatu, ciwon ya harbu, ya rasu yana da shekaru 49.