Yadda Likitocin Fiɗa Suka Koyi Mayar da Yatsan da Ya Gutsure

Tarihin da za mu duba yau gajere ne, domin kafin shekarar 1960 wanda inji ko adda ta gutsure wa yatsa sai dai a ɗinke masa dungu ya haƙura. Ba ƙashi ne ya gagari likitoci ba. Abin da ya gagare su shi ne jijiyoyin jini, waɗanda a kan yatsa kaurinsu bai kai milimita ɗaya ba.

A 1960 Jacobson da Suarez na Amurka suka nuna ana iya ɗinke irin waɗannan jijiyoyi ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu. A 1962 Ronald Malt ya mayar wa wani yaro hannunsa a Boston, a 1963 Chen Zhongwei ya yi wa wani ma'aikacin masana'anta haka a Shanghai. Amma fa jijiyoyin hannu manya ne. A ganina babban mataki shi ne na 1965, lokacin da Komatsu da Tamai na Nara, ƙasar Japan, suka mayar da babban yatsan da ya rabu da hannu ɗungum, ya kuwa rayu.

Da aka kai ga kan yatsa, wajen farce, sai wata wahala ta ɓullo. Shigar da jini ya fi fitar da shi sauƙi, gama jijiyar da ke mayar da jini ta fi siriri da laushi, wani lokaci ma ba ta ɗinkuwa. Jini ya taru, yatsa ya kumbura, ya yi baƙi, ya mutu. Nan likitoci suka koma ga matsattsaku, wanda magabatansu suka yar tun tuni. Yakan tsotse jinin da ya taru, yawunsa kuma ya hana jini daskarewa, har sababbin jijiyoyi su tsiro cikin 'yan kwanaki. A 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi.

Sai dai rayuwar yatsa dabam, amfaninsa dabam. Jijiyar da ke kai saƙon taɓi tana tsiro kamar milimita ɗaya a rana, saboda haka tela ko magatakarda zai yi watanni yana motsa yatsan kafin ya ji allura ko alƙalami. Da yawa kuma sanyi kan riƙa damunsu a wurin shekara da shekaru.