Littafin da Ya Kwana Shekara 57 a Akwati: Marubutan Ingila, Dokarsu, da Iyakar Matamaye

Matafiyin da ya taso daga Damagaram zai nufi Kano ta hanyar Daura, sai ya ratsa Matamaye, ya wuce Ɗan Barto, sannan ya taka ƙasar Nijeriya. Mutanen da ya baro da waɗanda zai tarar harshensu ɗaya, mazhabarsu ɗaya, kuma auratayya ta daɗe da ɗinke su. Amma layin da Ingila da Faransa suka shata a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906 ya bar wa kowane ɓangare kundin dokoki irin na wanda ya mallake shi. A kan mas'ala guda da Bahaushe ba ya son ambata a zaure, wato neman jinsi, kundayen nan biyu sun yi hannun riga tun daga tushe.

Faransa ta cire luwaɗi daga jerin laifuffuka a 1791, kundin Napoleon na 1810 kuma bai mayar da shi ba. Ingila kuwa ta riƙe hukuncin kisa a kansa daga 1533 har 1861, sannan a 1885 wani ɗan majalisa mai suna Henry Labouchere ya cusa wata gyara da ta mai da kowace irin alfasha tsakanin maza biyu laifi, ko da a ɗaki ne ƙofa a rufe. Da wannan gyara aka ɗaure marubuci Oscar Wilde a 1895, shekara 2 da aiki mai wahala. Ɗaurin nan ya zama izina ga duk wani mai alƙalami a Ingila har tsawon rabin ƙarni da ɗoriya, ya koya musu zaurance da habaici da ɓoye takarda.

Ba wanda labarinsa ya fi nuna haka kamar E. M. Forster. A 1913, yana da littattafai huɗu da suka yi suna, ya ziyarci Edward Carpenter a ƙauyen Millthorpe, inda wannan dattijo masani yake zaune a fili da wani talaka mai suna George Merrill. Daga wannan ziyara ya dawo ya rubuta Maurice, ya gama shi a 1914. Jarumin, Maurice Hall, an gina shi da gangan a matsayin mutumin da ba shi da wani abin ban mamaki: ɗan gidan masu rufin asiri, mai matsakaicin kaifin ƙwaƙwalwa, dillalin hannayen jari a Landan. A jami'ar Kambirij ya shaƙu da Clive Durham, wanda daga baya ya juya masa baya ya yi aure ya shiga siyasa. Maurice ya kai kukansa ga likitan gidansu, aka kore maganar da faɗa. Ya je wurin mai magani ta hanyar sanya barcin dole, da shi ma ya gaza sai ya ba shi shawara ya yi ƙaura zuwa ƙasar da ke aiki da kundin Napoleon. Da Maurice mutum ne na gaske kuma ya ɗauki shawarar da faɗinta, to a takarda Matamaye tana cikin wuraren da ake nufi, Daura kuwa ba ta ciki.

Abin da ya hana littafin fitowa shi ne ƙarshensa. Maurice ya bar aikinsa da matsayinsa ya tafi da Alec Scudder, bara mai gadin dajin farauta a gidan su Clive, ba wanda aka ɗaure, ba wanda ya rataye kansa. Forster ya san mahukunta za su iya kau da kai ga labarin da mai laifi ya tagayyara a ƙarshe, amma ba za su lamunci wanda ya tsira ba. Akwai kuma zunubi na biyu a idon Ingila ta lokacin: ɗan masu hali ya daidaita kansa da bara. Sai ya ajiye rubutun, yana nuna wa aminai kaɗan, yana yi masa kwaskwarima har 1960. Bayan A Passage to India na 1924 bai sake fitar da ƙagaggen labari mai tsawo ba, alhali ya rayu har 1970. An buga Maurice a 1971. Masu nazari da yawa sun ce bai kai sauran littattafansa armashi ba, kuma suna da hujja, don akwai wuraren da labarin yake tafiya kamar mafarkin mai jin ƙishirwa. Sai dai rauninsa ma shaida ce ta halin da aka rubuta shi.

Wadda ta gwada fitowa fili ta ɗanɗana kuɗarta. A 1928 Radclyffe Hall ta wallafa The Well of Loneliness, labarin Stephen Gordon, macen da ta taso da ɗabi'un maza, ta tuƙa motar ɗaukar raunana a Yaƙin Duniya na Farko, ta ƙare da sadaukar da wadda take so ga wani namiji. Maɗigo ba laifi ba ne a dokar Ingila. An yi yunƙurin shigar da shi a 1921, majalisar dattawa ta ƙi, wasu daga cikinsu saboda tsoron kada dokar ta sanar da matan da ba su taɓa jin abin ba. Duk da haka editan jaridar Sunday Express, James Douglas, ya yi wa littafin ca, alƙali Chartres Biron ya yanke cewa batsa ce, ya ba da umarni a lalata shi. Babu wani fage na batsa a cikinsa. Laifinsa roƙon tausayi. Bai sake fitowa a Ingila ba sai 1949. A shekarar da aka hana shi Virginia Woolf ta fitar da Orlando, inda jarumi ya kwanta namiji ya farka mace, ba wanda ya kai ta kotu, don ta lulluɓe zancen da raha da tatsuniya.

Wannan dabara ta lulluɓi ita ce ta yi mulki. A Brideshead Revisited na Evelyn Waugh, 1945, shaƙuwar Charles Ryder da Sebastian Flyte tana nan a fili ga mai ido, amma ba a kira ta da suna ba, kuma Sebastian ya ƙare mashayi a Arewacin Afirka. A titunan Landan ma mutanen suna da nasu zaurancen da ake kira Polari, cakuɗen kalmomin Italiyanci da na matuƙan jirgin ruwa da ƴan wasan dandamali.

Shekarun 1950 su ne mafi tsanani. An hukunta Alan Turing, masanin lissafin da ya taimaka wajen warware saƙonnin sirri na Jamus, a 1952, ya mutu a 1954, sai a 2013 aka yi masa afuwa. A 1954 aka ɗaure Lord Montagu da ɗan jarida Peter Wildeblood, wanda ya fito ya rubuta Against the Law. Abin lura shi ne a daidai wannan matsi ne adabin ya fara magana kai tsaye: Hemlock and After na Angus Wilson a 1952, da The Charioteer na Mary Renault a 1953. Dokar 1885 ta buɗe kasuwa ga masu karɓar kuɗin rufin baki, har lauyoyi da limaman coci suka soma cewa ɓarnarta ta fi amfaninta. Rahoton kwamitin Wolfenden ya fito a 1957, sai bayan shekara 10, a 1967, majalisa ta cire hukunci a kan abin da ya gudana a ɓoye tsakanin maza biyu masu shekara 21, a Ingila da Wales kaɗai.

A lokacin dokar ta riga ta yi ƴaƴa a ƙasashen waje. Kundin laifuffuka da Turawa suka kafa a Arewacin Nijeriya a 1904, shekara guda bayan cin Kano, an kwaikwayo shi ne daga na Queensland a Ostareliya, aka shimfiɗa shi ga Nijeriya duka a 1916. Wanda ya maye gurbinsa a Arewa a 1960 ya biyo ta Sudan daga kundin Indiya na 1860. Sashe na 284 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14, sashe na 405 kuma ya lissafa namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a cikin ƴan zaman banza. Ba a ce Turawa ne suka kawo haramcin ba. Hukuncin luwaɗi yana cikin littattafan Malikiyya tun kafin Lugga ya zo, kuma mafi yawan Musulmi a gaban alƙalai ake yi musu shari'a a zamanin mulkin mallaka. Abin da Turawa suka kawo shi ne sashe mai lamba, da ɗan sanda, da gidan yari na gwamnati. A ɗaya ɓangaren iyaka, kundin Nijar na 1961 ya bi sawun Faransa, ya hukunta abin idan da wanda bai kai shekara 21 ba ne, ya yi shiru a kan manya. Shirun doka bai taɓa zama yardar malamai ko ta iyaye a Matamaye ba.

Alan Hollinghurst ne ya haɗa zaren Ingila da na Afirka a The Swimming-Pool Library, wanda ya fito a 1988, shekarar da gwamnatin Margaret Thatcher ta kafa sashe na 28 mai hana ƙananan hukumomi yayata neman jinsi. Labarin yana faruwa a bazarar 1983, dab da ɓarkewar cutar ƙanjamau. Saurayi mai dukiya, William Beckwith, ya ceci ran wani tsoho, Lord Nantwich, tsohon ya ba shi littattafan ajiyar sirrinsa don ya rubuta tarihinsa. A ciki ya ga Nantwich jami'in mulkin mallaka a tsaunukan Nuba na Sudan, yana shari'a da rana yana begen waɗanda yake mulka da dare. Ya ga baransa Taha da ya kawo Landan, wanda masu ƙin baƙar fata suka kashe lokacin da ubangidan yake kurkuku a 1954. Daga ƙarshe ya gano wanda ya jagoranci farautar da ta ɗaure tsohon: kakansa ne, kuma da wannan aiki gidansu ya samu sarautar da yake cin gajiyarta. Hollinghurst bai wanke Nantwich ba. Wanda doka ta zalunta a gida shi ne mai riƙe da sandar doka a ƙasar wasu, kuma muryar Taha ba ta fito a littafin ba sai ta bakin ubangidansa.

Ƙasar Hausa tana da nata mutanen gefe, ƴan daudu, waɗanda masana suka danganta sunansu da Ɗan Galadima na bori. Sana'arsu sananniya ce: dafa abinci a tasha da kasuwa, zama a gidajen mata masu zaman kansu, kawalci, da gwanintar habaici. Daudanci ba daidai yake da luwaɗi ba. Da yawansu suna da mata da ƴaƴa, suna salla, wasu sun sauke farali. Littafin da ya fi zurfafa a rayuwarsu da yaren harka da suke ɓoye zance da shi, Allah Made Us na 2009, Ba'amurke ne ya rubuta shi, Rudolf Gaudio, bayan shekaru yana bincike a Kano. A fim ɗin Hausa kuwa ɗan daudu abin dariya ne, kamar yadda marigayi Rabilu Musa ya fito a Ibro Ɗan Daudu a farkon shekarun 2000, daidai lokacin da dokokin shari'a na Zamfara da Kano suka tarwatsa gidajen da ƴan daudun gaske suke cin abinci.

A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, mai ɗaurin shekara 14. Shekara guda bayan haka littattafai biyu suka fito. A Under the Udala Trees na Chinelo Okparanta, yarinyar da jarumar ta fara so bayan yaƙin basasa Bahaushiya ce mai suna Amina. A Born on a Tuesday na Elnathan John, wanda aka buga a Abuja, almajiri Ɗantala ya ga abin da ke tsakanin wasu samari biyu da suke zaune tare a wani masallaci a Sakkwato, abin ya daɗe yana damunsa a farke da cikin barci. Dukansu biyu da Ingilishi aka rubuta su.